Farantin Yashin Malam Zulkifilu

Abin da ya fara ɗaure wa Ousmane kai game da Malam Zulkifilu shi ne yashi. A garin da ake biyan mutane albashi don su share yashi daga bakin ƙofa, ga dattijo da furfurarsa yana shigo da shi gida cikin leda, yana lallaɓa ledar kamar ya sayo ƙwai.

Gidan nasu yana unguwar Manfuha a birnin Riyad, hawa na biyu, a saman wata baƙala, wato kantin kayan masarufi. Ɗakuna uku ne da falo, sai kicin ɗin da in mutum biyu suka shiga dole ɗaya ya fito da baya. Ousmane mutumin Damagaram ne, direban motar da ke kai ma'aikata Birnin Masana'antu na Biyu, kuma shi ya fi kowa daɗewa a gidan, don haka ya zama shugaba ba tare da an yi zaɓe ba. In famfo ya fashe shi ake kira. In wani ya cinye naman wani a firji shi ake kai wa ƙara. In harisi, tsohon Basudanen da ke gadin benen, yana da magana, shi yake tarewa a matakala.

Malam Zulkifilu kuwa Basakkwace ne, daga wani ƙauye a wajen Dange, ɗan liman kuma jikan liman. A gidansu an gama shiryawa shi zai gaji masallaci, sai ƙaddara ta karkata da shi makarantar boko, ya fito da takardar gwajin ƙasa da duwatsu. Ya yi shekaru a ma'aikatar ruwa yana bin masu haƙa rijiyar burtsatse ƙauye-ƙauye, yana shinshina laka yana faɗa musu ko su ci gaba ko su naɗe kaya. Da 'ya'ya suka girma, hidimar makaranta ta fara fin ƙarfinsa, sai ya sami kwantiragi a ɗakin gwaji na wani kamfanin tayil a Riyad, ya bar matarsa Hajiya Rekiya da yara a Sakkwato. Albashinsa ya isa ya kama gida shi kaɗai a Jaradiya, inda likitoci da injiniyoyin Najeriya suke zama, amma ya ce shi in ya ci tuwo shi kaɗai ba ya wuce masa maƙogwaro. Limancin da ya zille wa a gida kuma ya biyo shi har nan. In an yi wa wani haihuwa a gida shi ake kira ya yi addu'a, in labarin rasuwa ya zo ta waya shi ke zama da mai makoki, in salla ta riske su a falo ba a ko tambayar wa zai shiga gaba. Muryarsa mai sanyi ce, kuma ba ya jan doguwar sura, abin da ya ƙara masa farin jini ƙwarai a wurin masu sammakon aiki.

Sai dai kowace Juma'a da sassafe Malam yakan ɓace. Yakan fita da tsohuwar jakar goyo da wata 'yar guduma mai tsini, wani abokin aikinsa ya ɗauke shi a mota, ya dawo kafin huɗuba, takalmansa fari fat, jaka ta yi nauyi. In an tambaye shi ina aka je, sai ya yi murmushi ya ce, "Bakin teku." Ousmane direba ne, ya san ba a zuwa teku daga Riyad a dawo kafin huɗuba, ko da jirgi ka ara. Ya yi dariya don ladabi, amma ya ajiye maganar a ransa.

Wata Juma'a bayan la'asar ya je aron cajar waya. Ƙofar ɗakin Malam a ɗan buɗe take. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, sai hannun ya tsaya a sama. Malam na zaune a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, gabansa babban farantin silba irin wanda ake zuba shinkafar kabsa, amma cike da yashi, an baje shi sumul. Yana jan yatsa a kai a hankali, layi-layi. Can sai ya tsinto wani abu, ya hure, ya ɗaga shi saitin taga. Katantanwa ce, ƙarama, fara. Ya jera ta a gefe kusa da 'yan'uwanta, waɗansu masu murɗiya, waɗansu kamar wuri. Bakinsa na motsi. Ousmane ya kasa kunne, ya ji ba Larabci ba ne, ba Hausa ba, ba kuma Turancin da ake yi a kamfani ba, waɗansu dogayen kalmomi ne da ko tsakiyarsu bai iya kamawa ba. Daga nan Malam ya ɗauko wata 'yar kwalba, ya ɗiga ruwanta a kan wani dutse. Dutsen ya yi shuuu, ya fara kumfa kamar an ɗora shi a wuta. Malam ya gyaɗa kai ya ce, "Yauwa. Ai na san kai ne."

Ousmane ya koma ɗakinsa da sanɗa. Wayar ta mutu, bai ko kula ba.

Ba sai an yi masa bayani ba. Ƙanin kakarsa a Damagaram mai bugun ƙasa ne, ya yi suna, har daga Agadas ake zuwa wurinsa. Ousmane ya tashi yana ganin yadda ake baje yashi, a ja yatsu, a watsa wuri, a yi magana ƙasa-ƙasa da waɗanda ba a gani. Abu ɗaya ne bai taɓa gani ba, dutse mai tafasa, wannan kuwa alama ce na Malam ya fi na tsohon zurfi.

Abin ya riƙa cin sa. Ya fara lura da abubuwan da da bai damu da su ba. Me ya sa Malam bai taɓa samun matsalar iƙama ba, takardar zaman da ke hana kowa barci? Me ya sa manajan kamfani, wanda ba ya amsa sallamar kowa, yake tsayawa su gaisa hannu da hannu? Me ya sa kyanwar baƙala take bin sa har matakala? Da nauyin ya yi masa yawa sai ya sauke wa Moussa, bisa sharaɗin kada kowa ya ji.

Moussa ɗan Maraɗi ne, lebura a wani sito, gajere mai babbar murya, wanda in yana raɗa a hawa na biyu mai baƙala yakan sa baki daga ƙasa.

"Inna lillahi! Bugun ƙasa? A cikin gidan nan?" in ji Moussa. "Ousmane, ka tabbata ba shinkafa yake tsincewa ba?"

"Shinkafar garinku tana tafasa ba wuta?"

"Shi ke nan, sallolinmu sun tafi! Duk shekarun nan boka muke bi! Wallahi daga yau ko takalmina ba zai bi shi salla ba. Yanzu zan je in faɗa masa gaba da gaba."

"Ka rufa mana asiri ka rage murya. Ka san ƙasar da muke. Nan ba Maraɗi ba ne da za a yi tsegumi a watse. Nan in kalmar sihiri ta fita, mota ce za ta zo, kuma ba Malam kaɗai za ta ɗauka ba."

Moussa ya rage murya, don wannan kowa ya sani.

Bai je ya faɗa masa gaba da gaba ba. Washegari da yamma dai Ousmane ya dawo daga aiki ya tarar da takalman Moussa a ƙofar ɗakin Malam, waɗannan da aka rantse ba za su bi shi salla ba. Iƙamar Moussa ta kusa ƙarewa, kafilinsa kuma, Balaraben da zamansa ke hannunsa, ya daina ɗaga waya. Bangon gidan siriri ne, ba sai mutum ya yi laɓe ba, ko da yake Ousmane ya ɗan yi.

"Allah gafarta Malam," in ji Moussa, da wata murya mai laushi da ba a san yana da ita ba. "Dama abubuwan nan naka ne. Na ji labari."

"Kai, Moussa! Ashe kana da sha'awa? Shigo, shigo, zauna!"

"Na ce ko za a taimaka mini da guda."

"Ɗauki wadda ta yi maka. Wannan da ka taɓa, ta daɗe kwance a ƙasa tun kafin ɗan Adam ya taka ta. Ka riƙe ta da kyau."

"A aljihu zan sa, ko ƙarƙashin matashi?"

"Duk inda ba za ta fashe ba."

Bahaushe ba ya zuwa gaban malami ya kira buƙatarsa da sunanta. Cewa yake a taimaka, malami ya ce Allah ya taimake mu, kowa ya gane kowa. Moussa ya fito hannu a aljihu, ya bar kwalbar turare a bayan ƙofa. Ba a jima ba kafili ya kira shi da kansa, aka sabunta iƙama.

"Kai da ka ce boka ne?" in ji Ousmane.

"Ni ban ce halas ne ba," in ji Moussa. "Cewa na yi yana ci."

Daga nan matakala ta cika da takalma. Masu wankin mota, masu aikin gini, wani kuku da aka hana hutu, wani mai neman a mayar da shi hannun wani kafilin, har da Issoufou mai gyaran firji wanda ya zo a madadin ƙanwarsa Mariamou da ke aikatau a arewacin gari. Kowa ya shiga da dabino ko turare, ya ce a taimaka, ya zauna ya saurari dogon bayani a kan teku da laka yana gyaɗa kai yana cewa amin, ya fito da katantanwarsa. Malam ya yi fes, har tafiyarsa ta canza. Wata rana suna shan shayi ya dafa gwiwar Ousmane.

"Ka ga ikon Allah? Tun ina saurayi nake neman wanda zan nuna wa abin nan. 'Ya'yana da sun ga na ɗauko jaka sai kowa ya tuna yana da aika. Hajiya ta taɓa jiƙa mini su a tukunya ta zaci wake ne. Ashe a Manfuha masu son ilimi suke!"

Ousmane ya dube shi ta saman kofi, ya rasa gane ko gaskiya ce ko ƙwarewa. Ilimi. Haka ƙanin kakarsa ma yake kiran nasa.

Ranar Laraba harisi ya tare shi a matakala. Tsohon ya kama hannun rigarsa, ya ja shi lungu, ya yi masa magana da Larabci a hankali don kada ya ce bai ji ba.

"Ya Usman, ni tsoho ne amma ba makaho ba. Mutane suna hawa da turare suna saukowa hannu a aljihu. A ƙasarmu ma akwai masu wuri, na san yadda ƙofarsu take. Mai bene zai zo ranar Asabar. In ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya dominku ba. In kuwa abin da nake zato ne, ba ma shi zan fara kira ba."

Ousmane ya hau sauran matakalar yana lissafi. In aka zo aka ga farantin nan, da yashin, da wurin, da kwalaben turare jere a bayan ƙofa, babu ɗan sandan da zai tsaya jin bayani. Malam zai tafi inda ba a dawowa da wuri, su kuma 'yan gida a tasa ƙeyarsu zuwa filin jirgi.

Washegari da yamma, motar ma'aikatan da Ousmane ke tuƙawa na tsaye a ƙofar kamfanin su Malam ana jiran a tashi. Malam yakan riga kowa fitowa ya zauna kujerar gaba. Ousmane ya goge sitiyari, ya gyara madubi, ya sake goge sitiyari, sannan ya faro daga nesa.

"Allah gafarta Malam, wannan ilimi naka, a gida aka gada?"

"Ina! Mahaifina ko kusa. Wurin wani fasto na koya."

"Wurin wa?"

"Fasto. Bature, mutumin Sikotilan. Fasto Makinlai, amma mu Baba Tsakuwa muke ce masa."

Ousmane ya ce a ransa, to, abin ya gama lalacewa. Malam kuwa ya gyara zama, don an taɓo masa inda yake so.

Dogon mutum ne, in ji shi, mai jan hanci da rana ke saɓule wa fata kowace bazara. Wa'azi ya kawo shi ƙasar Sakkwato, sai ya tarar cocinsa ba ta cika benci biyu, don haka ya karɓi koyar da kimiyya a makarantar sakandare. Lahadi yana coci, Asabar yana cikin kwazazzabai da guduma, aljihunsa kullum a yage saboda duwatsu. Hausarsa ta tsofaffin mata ce, don a wurin mai sayar masa da fura ya koya, in ya yi tuntuɓe sai ka ji ya ce wayyo ni 'yar nan. Wata rana ya shigo aji da haƙorin wani ƙaton kifi da ya tono a gefen tudu, ya ce da can duk nan teku ne, har inda kasuwar Dange take. Aji ya fashe da dariya. Zulkifilu kaɗai ne bai yi ba, don ya taɓa ganin irin haƙorin a gonarsu, kuma tun ranar yake tambayar kansa yadda kifi ya hau tudu.

Da labari ya kai wa Liman cewa ɗansa yana bin fasto daji, sai ya ɗauki sandarsa ya nufi gidan Baturen don ya yanke abin. Bai dawo ba sai da rana ta faɗi. Liman ya ce ruwan ɗufana ne na zamanin Annabi Nuhu. Fasto ya ce ya girmi wannan nesa ba kusa ba. Liman ya ce kana nan aka yi? Fasto ya ce a'a, kai fa? Sai aka kawo shayi. Daga ranar Liman yakan je duk mako su ɗora daga inda suka tsaya, shekara da shekaru, ba wanda ya matsa ko taƙi. Hukuncin da ya yanke wa ɗansa gajere ne: ka bi shi dutse, kada ka bi shi coci, in salla ta yi ka ajiye guduma. Fasto kuma ya riƙe wannan fiye da yaron. Suna tsakiyar tono zai dubi agogo ya ce, Zulkifilu, azahar, ya juya baya ya zauna a inuwa har a idar.

"Da ya tsufa ya koma ƙasarsu mai sanyi, can ya rasu," in ji Malam. "Ya bar mini gudumar da haƙorin. Tsakaninsa da Allah, Allah ya sani. Ni dai mutumin kirki na sani."

Ousmane ya auna maganar. Asirin Turawa ma asiri ne. Amma akwai abin da bai zauna ba. Ƙanin kakarsa har ya mutu bai faɗi wanda ya koya masa ba, kuma bai taɓa cewa mutum ya ɗauki wadda ta yi masa ba. Ya ga ma'aikata sun fara fitowa daga nesa, sai ya rufe ido ya faɗa.

"Malam, ka gafarce ni. Mutanen nan da ke zuwa, ka san abin da suke zuwa nema?"

"Katantanwa."

"Laya suke zuwa nema. Cewa ake kana bugun ƙasa. Moussa da tasa yake kwana, ya ce ita ta sabunta masa iƙama. Harisi ya ba mu zuwa Asabar."

Malam ya cire tabarau. Ya daɗe yana kallon sa a hannu.

"Wa ya ce ina bugun ƙasa?"

"Ni na gani, Malam. Faranti, yashi, wuri. Dutse yana tafasa."

"Ruwan kal ne, Ousmane, mai tsamin nan. Wanda kuke zuba wa salak. Dutsen da aka yi da ɓawon halittun ruwa, in ka ɗiga masa sai ya yi kumfa."

"Kalmomin da kake karantawa fa?"

"Sunayensu ne. Kowace da sunanta." Ya mayar da tabarau, ya dubi titi. "Ashe duk cikinsu ba ko ɗaya da ya zo don…" Bai ƙarasa ba.

Ousmane ya ji kunya ta rufe shi, amma can ƙasan kunyar zargin bai gama mutuwa ba, don kowane boka in an ritsa shi yana da bayani. Ya kuma san in shi da ya ji da kunnensa bai gama yarda ba, to Moussa da harisi sai dai su ce ai haka na gaske suke yi, musu. Magana ba za ta wanke Malam ba.

"Tekun nan naka," in ji shi, "mota tana zuwa?"

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Ousmane ya aro doguwar motar wani abokinsa, ya cika ta da 'yan gida da duk mai katantanwar da ya iya samu. Ya ce musu fita shan iska za a yi irin ta 'yan ƙasa, akwai tukunyar kabsa da naman rago. Harisi ya ce shi ba cin abinci zai kai shi ba, zuwa zai yi ya gani da idonsa, amma ya tambaya ko ragon da kitse. Malam ya shigo daga ƙarshe da jakarsa, ta fi kullum nauyi, da farantin a hammata. Waɗanda ke kusa suka ɗan janye gwiwa.

Suka yi yamma da gari har gine-gine suka ƙare, suka sauka daga kwalta, suka tsaya a gindin Dutsen Tuwaiƙ, inda tsauni ya miƙe kamar katangar da ba a gama ba. Lokacin sanyi ne, iska na kaɗawa. Aka fito ana waige-waige. Ba ruwa, ba ciyawa, tsakuwa ce kawai iya ganin ido.

"Ina tekun?" in ji Moussa.

"Kana tsaye a cikinsa," in ji Malam. "Ku sunkuya."

Suka sunkuya. Da farko ba wanda ya ga komai. Sai Issoufou ya ce, "Kai!" Sai wani ya ce, "La ila!" Abin da suka ɗauka tsakuwa ce, rabinta katantanwa ce ta zama dutse, masu murɗiya, masu kama da wuri, masu zane kamar saƙar zuma, a ƙasa, a jikin tsauni, a ƙarƙashin tayar mota. Can gefe wani Balarabe ya shimfiɗa darduma da iyalinsa, 'ya'yansa suna cika gwangwanin madara da su suna jifan juna.

Moussa ya zaro tasa daga aljihu, a naɗe cikin auduga da leda. Ya ɗaga ƙafarsa, ya ɗauki wadda ya taka, ya haɗa su a tafin hannu. Kamar an tsaga kara.

"Yanzu duk wannan a banza yake?"

"A banza," in ji Ousmane.

"To ni wa ya sabunta mini iƙama?"

"Kafilinka, da ya dawo daga hutu."

"Turarena fa?"

"Yana bayan ƙofa," in ji Malam, bai ko dube shi ba. "Na zaci mantuwa kuke yi."

Ousmane ya ɗauko kwalbar kal daga kwandon abinci, ya miƙa wa harisi, ya nuna masa wani dutse. Tsohon ya yi bisimilla, ya miƙa hannu daga nesa ya ɗiga. Dutsen ya yi shuuu. Ya ja da baya, ya matso, ya sake ɗigawa. Ya gwada wani dutsen, ya gwada na kusa da shi, ya gwada takalminsa bai yi ba, ya koma kan dutse ya yi. Sai ga shi yana dariya da bakinsa mai giɓi, yana bin duwatsu ɗaya-ɗaya kamar mai ba kaji ruwa. Ranar dai lami aka ci salak.

Da kwalbar ta ƙare ya dawo ya tsaya gaban Ousmane. "Gobe zan gaya wa mai bene limaminku ba boka ba ne, ciwon duwatsu kawai yake fama da shi. Amma farantin nan da yashinsa su bar mini bene. Ba kowa zan iya kawowa nan ya gani ba."

Malam bai jira a maimaita ba, da ma da shirinsa ya zo. Ya tafi gindin tsaunin shi kaɗai, ya durƙusa ya buɗe jaka. Ousmane ya zaci zazzagewa zai yi, sai ya ga ɗaya-ɗaya yake fito da su, ya duba, bakinsa ya motsa, ya ajiye. Duk abin da ya tara tun zuwansa Riyad. Ya daɗe. Ba wanda ya yi masa magana, har Moussa. Da ya dawo, gudumar ce kawai a jakar, da haƙorin kifi a cikin tsohon gwangwanin ashana. Ya ɗauki farantin, ya wanke shi da ruwan jarka, ya ajiye a tsakiyar tabarma.

"A zuba," in ji shi.

Aka juye kabsa a ciki. Hannaye suka yi jinkiri, kowa na jiran wani ya fara. Harisi ne ya fara, ta wajen kitse. Moussa ya shigo daga baya, amma ya rama.

Da rana ta faɗi aka yi alwala aka tsaya sahu, gaba ba kowa. Malam na tsaye can gefe, hannu a baya, yana kallon tsauni.

"Allah gafarta Malam," in ji Ousmane, "magariba ba ta jira."

"Boka za ku bi?"

Aka sunkuyar da kai. Moussa ne ya yi gyaran murya.

"Malam, mun bi ka muna zaton boka ne, balle yanzu."

Wani ya tuntsire da dariya ya mayar da ita tari. Malam ya dubi Moussa, gefen bakinsa ya ɗan motsa, ya shiga gaba ya ta da kabbara. Mutumin da bai taɓa wuce gajerun surori ba, ranar ya ɗauko wata doguwa tun daga farkonta, da muryar nan tasa mai sanyi, ba gaggawa, ga iska, ga tsakuwa mai kaifi a ƙarƙashin ƙafa, ga ciki cike da shinkafa. Ba wanda ya yi ƙorafi, ko a mota.

Asabar mai bene ya zo ya tafi, ba a ji komai ba. Takalma suka ragu a matakala. Malam yana nan Manfuha, yana gwajin laka a kamfani, yana addu'ar suna da ta rasuwa. Har yanzu yana ɓacewa ranar Juma'a da sassafe, sai dai jakar wayam take dawowa, kuma wani lokaci akan ga harisi ya bar gadi ya bi shi, da kwalbar kal a aljihun jallabiya. Moussa ya ce shi ya zubar da tasa tun a can, ko da yake ranar da aka dawo aljihunsa biyu duk a kumbure suke.

Ousmane ma ya tsinto guda, 'yar ƙarama mai murɗiya, ya ajiye ta gaban mota kusa da gilashi. Ba don komai ba, kyau ta yi masa. Cewa tasa iƙamar za ta ƙare da bazara, wannan wata magana ce daban. Ranar Lahadi da safe Malam ya shigo kujerar gaba, ya gan ta, ya ɗauka ya juya ta a hannu, fuskarsa ta saki. Ya faɗi sunanta, dogon nan da Baba Tsakuwa ya koya masa, tun daga farko har ƙarshe.

Ousmane ya ta da mota, ya ce amin ƙasa-ƙasa, don ba a sani ba.